Namiji, mace ko tsakani? Abin da rikicin dokar jinsi ta Pakistan ya fito da shi fili

A ranar 19 ga Mayun 2023, Kotun Shari'ar Musulunci ta Tarayya da ke Islamabad ta soke wasu muhimman sassa na wata doka da majalisar dokokin Pakistan ta zartar shekara biyar kafin nan. Dokar ta 2018 ta bai wa duk wanda ya cika shekara 18 damar faɗin jinsinsa da bakinsa, hukuma kuma ta rubuta masa abin da ya faɗa a katin shaidar ɗan ƙasa da fasfo da lasisin tuƙi, ba tare da likita ya duba shi ba. Kotun ta ce wannan ya saɓa wa Musulunci, domin jinsin mutum halittar jikinsa yake bi, abin da zuciya ta raya masa ba ya sauya shi.

A wajen Pakistan, da yawa sun ɗauki lamarin a matsayin wani sabon zagaye na takaddamar da aka saba tsakanin Turawan Yamma da ƙasashen Musulmi. Akwai ƙamshin gaskiya a hakan, amma bai bayyana wani abin mamaki ba: mutanen da aka yi dokar dominsu, waɗanda ake kira khwaja sira, su kansu bakinsu bai zo ɗaya a kanta ba. Wasu sun yi zanga-zangar kare ta, wasu sun goyi bayan a gyara ta, mafi yawansu kuwa tun farko ba su je karɓar sabon katin ba, sun ci gaba da riƙe katinsu na maza.

Dalilin haka shi ne zuciyar maganar. Hukuma tana son amsa guda ɗaya da za ta cike gurbi a takarda. Rayuwar waɗannan mutane kuwa ta daɗe tana tafiya da amsa biyu, ɗaya a gidan iyaye da masallaci, ɗaya a cikin 'yan'uwansu.

Su wane ne khwaja sira?

A Pakistan da Indiya da Bangladesh akwai wata al'umma da ta shafe ɗaruruwan shekaru ana saninta. A Indiya an fi kiransu hijra, a Pakistan kuma sun fi son a ce musu khwaja sira, sunan da a zamanin daular Mughal ake kiran babannin da ke tsaron cikin gidan sarki da shi, wasunsu har sun riƙe manyan muƙaman mulki da na soja. Galibinsu an haife su ne da jikin namiji, amma tun suna yara suka karkata ga tufafi da magana da ayyukan mata. Kaɗan daga cikinsu mata-maza ne na haihuwa, wasu kuma sun yi dandaƙa bayan sun girma.

Suna zaune ne rukuni-rukuni a gidajen da suke kira dera, ƙarƙashin shugaba da ake ce wa guru, mabiyansa kuma chela. Wanda iyaye suka kora, a nan yake samun wurin kwana da abinci da sabon suna. Sana'arsu ta gado ita ce zuwa gidan haihuwa da gidan biki su yi rawa da waƙa, su sa albarka, a ba su tukuici, domin jama'a da dama sun yi imanin cewa addu'arsu da bakinsu duk suna kamawa.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara mayar da su masu laifi a hukumance. Dokar da Birtaniya ta kafa a Indiya a 1871 kan ƙabilun da ta kira masu aikata laifi tana da sashe na musamman da ya tilasta wa 'yan sanda rubuta sunayensu, ya hana su fita cikin kayan mata ko yin rawa a bainar jama'a, ya kuma hana su riƙon yara. An daɗe da soke dokar, amma tabonta bai goge ba. Da bukukuwan zamani suka rage buƙatarsu, da yawa suka koma bara a mahaɗar tituna, wasu suka faɗa karuwanci.

Daga kotu zuwa majalisa

Sauyin ya faro ne a 2009, bayan 'yan sanda sun kai samame wani wurin biki a garin Taxila suka kama wasu khwaja sira. Wani lauya masanin shari'ar Musulunci, Muhammad Aslam Khaki, ya shigar da ƙara a Kotun Ƙoli. Kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Iftikhar Muhammad Chaudhry, ta bayar da jerin umarni cewa su ma 'yan ƙasa ne, a ba su katin shaida, a sa su a rajistar zaɓe, kada kuma a hana su gadon iyayensu. A 2017 aka fara bayar da fasfo mai alamar X a gurbin jinsi, kuma a ƙidayar jama'a ta shekarar aka ƙirga su daban a karon farko. Adadin da aka samu shi ne 10,418 a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, abin da ƙungiyoyinsu suka ce bai kama ƙafar yawansu ba.

Kafin nan wani abu ya faru da ya girgiza ƙasar. A watan Mayun 2016 aka harbi wata 'yar fafutuka daga cikinsu mai suna Alisha a birnin Peshawar. Abokan zamanta da suka kai ta asibitin Lady Reading sun ce an ɓata lokaci ana jayayya kan ko a sashen maza za a kwantar da ita ko a na mata, ana kuma yi musu ba'a a harabar asibitin. Ta rasu bayan 'yan kwanaki. Wata guda bayan haka, malamai kusan 50 a Lahore suka fitar da fatawar da ta ce haramun ne a wulaƙanta irin waɗannan mutane ko a hana su gado, kuma jana'izarsu daidai take da ta kowane Musulmi.

A wannan yanayi ne majalisa ta zartar da dokar a Mayun 2018, da goyon bayan manyan jam'iyyu. Ta haramta nuna musu bambanci a makaranta da wurin aiki da asibiti da motar haya, ta umarci gwamnati ta tanadar musu mafaka da ɗakuna na daban a gidajen yari.

Sai dai dokar ta yi wa rukuni uku kuɗin goro ƙarƙashin kalmar Turanci guda ɗaya, wato transgender. Na farko mata-maza, wanda aka haifa da al'aurar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Na biyu namijin da aka dandaƙe. Na uku duk wanda yadda yake jin kansa ko yadda yake bayyana kansa ya saɓa da jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa. Ta kuma fassara jinsi da cewa shi ne yadda mutum yake jin kansa can cikin zuciyarsa: namiji, ko mace, ko haɗin duka biyun, ko kuma babu ko ɗaya. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta zama ƙashin rikicin.

Katin da masu shi suka guje wa

Wani malamin jami'a a Lahore, Muhammad Azfar Nisar, ya yi zaman bincike a cikin khwaja sira na birnin, ya wallafa sakamakon a 2018. Abin da ya gano shi ne mafi yawansu sun zaɓi ci gaba da zama maza a takarda, duk da cewa a rayuwar yau da kullum ba sa kiran kansu maza. Dalilansu kuwa na zahiri ne. Akwai gado, domin namiji yana da ninkin rabon mace, kuma babu wanda ya san yadda dangi za su yi da mai katin X. Akwai mutuncin gida, domin sauya kati tamkar shela ce ga dangi da unguwa. Akwai kuma addini: tsoron kada sabon katin ya hana mutum zuwa aikin Hajji, ko ya jawo gardama ranar da za a yi masa wanka da salla.

Wannan ya dace da abin da masu bincike suka daɗe suna rubutawa game da tsofaffin wannan al'umma a Pakistan da Indiya. Mutum ɗaya zai ce ruhinsa na mace ne, ya sa kayan mata, ya yi magana da sigar mata ta harshen Urdu a cikin dera. Idan ya je garinsu sai ya sa kayan maza, ƙannensa su kira shi yaya. Wasu suna da mata da 'ya'ya a ƙauye, suna aika musu kuɗin abinci. Ranar Juma'a a sahun maza suke tsayawa, idan Allah Ya kira su Makka haramin maza suke ɗaurawa. A wurinsu namijintaka da macentaka ba ƙofofi biyu ba ne da dole a shiga ɗaya a rufe ɗaya. Kowacce tana da wurinta da lokacinta da haƙƙoƙin da ke tattare da ita.

Matasa masu ilimin boko sun zo da wata fahimta daban. Marvia Malik ta fara karanta labarai a wani gidan talabijin na Lahore a 2018. Nisha Rao ta zama lauya a Karachi, Sara Gill kuma ta kammala karatun likita a birnin a 2022. Da yawa daga cikin irin wannan sahu ba su taɓa zama ƙarƙashin guru ba, ba sa rawa a biki, kuma ba sa kiran kansu jinsi na uku. Cewa suke su mata ne, suna so a kira su haka a ofis da asibiti da ko'ina. Tare da su aka fara jin muryar waɗanda aka haifa mata amma suke ɗaukar kansu maza, rukunin da tsohon tsarin dera bai taɓa yi wa gurbi ba, sannan da 'yan tsiraru da ke amfani da sabbin kalmomin intanet suna cewa su duka biyun ne, ko kuma yau wannan gobe wancan.

Abin lura a nan shi ne, tsofaffin da ba su taɓa jin waɗannan kalmomi ba sun fi kowa rayuwa da fuska biyu a aikace, alhali yawancin matasan fuska ɗaya suke nema a tabbatar musu. Wannan ne ya sa lokacin da muhawara ta yi zafi a 2022, aka ji wasu manyan guru suna goyon bayan a riƙa gwajin likita, suna zargin cewa baƙi sun shigo suna cin gajiyar sunansu. Matasan kuma suka mayar da martani cewa tsarin guru ɗin kansa yana tatsar mabiya, kuma tuɓe mutum gaban kwamitin likitoci kafin a ba shi katin ɗan ƙasa cin mutunci ne.

Abin da fiƙihu ya riga ya tanada

Masu adawa da dokar, ƙarƙashin jagorancin Sanata Mushtaq Ahmad Khan na jam'iyyar Jamaat-e-Islami, ba su ce babu mutanen da ke tsakani ba. Ba za su iya faɗin haka ba, domin littattafan fiƙihu cike suke da hukunce-hukuncensu. Abin da suka ce shi ne Musulunci ya bambanta abubuwan da dokar ta cakuɗa.

Na farko shi ne khunsa, wato mata-maza. Malaman farko sun shimfiɗa alamomin da ake bi a gane ɓangaren da ya rinjaya: ta inda fitsari ke fita tun yana yaro, sannan bayan balaga fitowar gemu ko nono ko jinin haila. Idan alamomin suka ƙi rarrabewa, sai a kira shi khunsa mushkil, a yi masa hukunce-hukunce na musamman kan inda zai tsaya a sahu da aure da wankan gawa da gado. Duk ɗalibin da ya sauke Mukhtasar na Shaihu Khalil a zauren malaminsa ya san da wannan mas'ala littafin ya rufe.

Lissafin gadon ya nuna irin zurfin da aka yi. A mazhabar Malikiyya, khunsa mushkil yana karɓar rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Misali, mutum ya rasu ya bar naira miliyan 12 da 'ya'ya biyu kacal, ɗaya namiji ɗaya mata-maza. Da namiji ne, miliyan 6 zai samu. Da mace ce, miliyan 4. Sai a haɗa a raba biyu, ya karɓi miliyan 5, ɗan'uwansa ya karɓi miliyan 7. Imam Abu Hanifa, wanda mafi yawan mutanen Pakistan ke bin mazhabarsa, ya ce a ba shi mafi ƙarancin rabon biyu. Shafi'iyya kuma suka ce a ba shi mafi ƙaranci, a ajiye ragowar har lamarinsa ya bayyana.

Na biyu shi ne mukhannas, namiji mai cikakkiyar halitta amma mai ɗabi'un mata. Hadisai ingantattu sun nuna akwai irinsu a Madina, har wani yana shiga gidan Ummu Salama kafin Manzon Allah (SAW) ya hana shi bayan ya ji yana siffanta jikin wata mace ga wani namiji. Akwai kuma hadisin Ibn Abbas da ya zo da tsinuwa kan maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza. A sharhinsa na Sahihu Muslim, Imam Nawawi ya raba su gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne wanda tsinuwar ta hau. Amma ko a kan na farkon, malamai ba su ce ya tashi daga namiji a hukuncin gado ko aure ba.

A nan ne dokar 2018 ta rabu da fiƙihu. Sashenta na 7 ya ce wanda ya bayyana kansa namiji zai ci gadon namiji, wanda ya bayyana kansa mace zai ci na mace, wanda kuma bai ɗauki ko ɗaya ba a ba shi matsakaicin rabon biyu. Wato ta ɗauko lissafin da malamai suka yi wa rikitacciyar halitta, ta ɗora shi kan furucin baki. Masu adawa suka ce ke nan 'ya mace za ta iya ninka gadonta da cike takarda, kuma namiji zai iya zama mace a kati ya auri namiji. Sun kafa hujja da alƙaluman da aka gabatar wa majalisar dattawa a 2021, cewa mutum sama da 28,000 sun nemi a sauya musu jinsi a rajistar ƙasa cikin shekara uku. Masu kare dokar suka ce galibin waɗannan gyaran kuskuren magatakarda ne, kuma ƙa'idojin aiwatar da dokar sun taƙaita sauyin zuwa alamar X kawai, wadda ba a ɗaura aure da ita.

Hukunci da abin da ya biyo baya

A watan Satumban 2022, majalisar da ke bai wa gwamnatin Pakistan shawara kan dacewar dokoki da Musulunci ta ce wasu sassan dokar sun saɓa wa shari'a. Watanni takwas bayan haka kotun ta yanke hukuncinta. Ta soke fassarar jinsi da aka jingina ga jin zuciya, da 'yancin sauya kati da furucin baki, da sashen gado. Ta tabbatar da cewa mata-maza suna da dukkan haƙƙoƙin da tsarin mulki ya bai wa kowa, har ma Musulunci ya yi musu rangwame na musamman. Ta ce salla da azumi da Hajji da gado duk suna da hukunce-hukuncen da suka rataya a kan jinsi, don haka ba za a bar shi a hannun abin da mutum yake ji ba.

Hukumar rajistar 'yan ƙasa, NADRA, ta dakatar da bayar da katin X, sannan ta ci gaba bayan 'yan watanni, domin an ɗaukaka ƙara zuwa sashen shari'a na Kotun Ƙoli, kuma a tsarin mulkin ƙasar na wancan lokacin hukuncin irin wannan kotu ba ya fara aiki matuƙar akwai ɗaukaka ƙara a kansa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin hukuncin ya bar babban giɓi. Mafi yawan khwaja sira ba mata-maza ba ne a ma'anar likita. Idan kariyar doka ta tsaya kan mata-maza kaɗai, to mafi yawan waɗanda ake harbi a Peshawar, ake kora daga gidajen haya, ake juya wa baya a asibiti, sun fita daga inuwarta. A watan Fabrairun 2023, ana tsakiyar wannan ce-ce-ku-ce, 'yan bindiga suka buɗe wa Marvia Malik wuta a ƙofar gidanta a Lahore, ta tsallake rijiya da baya. Tambayar wa zai ci gadon namiji daban take da tambayar wa ya cancanci a ɗinke masa rauni, amma da yake doka ɗaya ce ta ɗauko su tare, faɗuwar ɗaya ta girgiza ɗayar.

Ba Pakistan kaɗai ba

Ƙasashen Musulmi ba su bi hanya ɗaya ba. A Iran, Ayatullahi Khomeini ya bayar da fatawa a shekarun 1980 da ta halatta tiyatar sauya jinsi bayan binciken likitoci, kuma hukuma na sauya wa mutum takardu bayan tiyatar. Sai dai tsarin Iran bai san tsakani ba: ko namiji ko mace, kuma luwaɗi na nan a matsayin laifin da ke iya kai wa ga kisa. A Masar, wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar ya yi tiyata a 1988 ya koma amsa sunan Sally. Jami'ar ta ƙi karɓarsa a sashen maza da na mata, aka yi shekaru ana shari'a, kowane ɓangare yana kafa hujja da fatawa guda ta Muftin ƙasar na lokacin, Muhammad Sayyid Tantawi. Bangladesh ta amince da hijra a matsayin jinsi na daban a 2013, Kotun Ƙolin Indiya ta yi haka a 2014.

Su kansu ƙasashen Yamma kansu a rabe yake. Jamus ta fara aiki da dokar sauya jinsi da furucin baki a Nuwamban 2024. A ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin cewa gwamnatin Amurka jinsi biyu kawai ta sani. A Afrilun shekarar, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Hujjar da kotun Islamabad ta tsaya a kai, cewa jiki ne ma'auni, ita ce ake ji a Landan da Washington, ko da yake daga tushe daban.

Inda maganar ta shafi gida

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin namiji mai ɗabi'ar mata. 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa, an san su da sayar da abinci a tasha da bakin kasuwa, da hidimar biki, da kusanci da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Masanin harshe ɗan Amurka Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a cikinsu a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa a junansu suna kiran juna da “ke” da “ƙawata”, amma da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, kuma ba sa cewa sun daina zama maza. Daudu a wurinsu hali ne da sana'a da zumunci, abin da mutum kan yi, har ma wata rana a ce ya tuba ya bari. Ta wannan fuska sun fi kama da tsofaffin khwaja sira fiye da matasan Karachi.

Bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa daga shekarar 2000, fili ya ƙuntata musu. A Agustan 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. A 2022 ɗan majalisar wakilai Umar Muda Lawal daga Bauchi ya gabatar da ƙudurin hukunta shigar da ta saɓa wa jinsi a faɗin ƙasa, amma bai zama doka ba. A Afrilun 2024 kuma, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Legas za ta yanke wa Idris Okuneye, wanda aka fi sani da Bobrisky, ɗaurin wata shida kan wulaƙanta takardun naira, sai da alƙaliya ta tambayi jinsinsa. Ya ce shi namiji ne, hukumar gidajen gyaran hali ta ce a matsayin namiji za ta tsare shi. Shekaru yana bayyana kansa mace a Instagram, amma a gaban hukuma amsa ɗaya aka nema.

Babu alamar Najeriya za ta yi doka irin ta Pakistan, kuma ra'ayin mafi yawan jama'a da malaman addinai biyu a kan sauya jinsi a bayyane yake. Darasin da ya fi kusa da gida shi ne na kuɗin goro, domin a nan ma ana yinsa, ta ɗaya gefen. A bakin mutane da yawa, mata-maza da ɗan daudu da ɗan luwaɗi da mai sauya jinsi duk abu ɗaya ne, alhali fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garuruwan nan ya raba su tun ƙarnoni da suka wuce, ya bai wa kowanne hukuncinsa.

Wanda wannan cakuɗawa ta fi cutarwa shi ne jaririn da aka haifa mata-maza, wanda bai zaɓi komai ba. Likitoci sun san dalilai da dama da ke haddasa hakan. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani shi ne matsalar wata 'yar halitta da ke saman ƙoda, wadda kan sa jaririya ta fito da al'aura mai kama da ta namiji. Wani nau'in wannan cuta yana zubar da gishirin jiki, yana iya kashe jariri cikin makonnin farko idan ba a gano ba, alhali akwai maganinsa. Akwai kuma yanayin da ake renon yaro a matsayin mace, sai a lokacin balaga murya ta buɗe, jiki ya koma na namiji. Iyalin da kunya ta sa suka ɓoye irin wannan jariri, suka raɗa masa suna bisa zato ranar bakwai, sun jinkirta matsalar ne kawai zuwa ranar shiga makarantar kwana, ko ranar aure, ko ranar rabon gado. Kenya ta raba wannan batu da sauran: a ƙidayarta ta 2019 ta ƙirga mata-maza daban, ta samu mutum 1,524, sannan dokar yara ta 2022 ta ambace su da sunansu ta ba su kariya, ba tare da ƙasar ta buɗe ƙofar sauya jinsi da furucin baki ba.

Sauran tambayoyin kuma ba sa jiran a gama muhawarar aƙida. Wane ɗaki za a kai mutum a gidan yari don kada a yi masa fyaɗe ko shi ya cutar da wasu? Wane gado za a ba shi a asibiti idan an kawo shi cikin jini da tsakar dare? Wa zai yi masa wanka idan ya rasu? Pakistan ta yi ƙoƙarin amsa su duka da jimla ɗaya, kotu ta soke jimlar, tambayoyin suka koma kan teburin ma'aikacin jinya da gandiroba da limamin unguwa. Malaman da suka zauna suka lissafa miliyan 5 da miliyan 7 ba su ɗauki irin waɗannan tambayoyi abin kunya ba, sun ɗauke su haƙƙin bawan Allah da dole a fitar masa.